Yadda matacciyar kalmar Turanci ta cinye min gemu

Duk wanda ya haɗu dani cikin satin nan ya ga fuskata fayau kamar ta ɗan aji shida, don Allah ya daina tambayata wai ko jinya nayi. Lafiyata lau. Wani Bature ne da ya mutu tun shekarar 1558 ya aske ni, shi ya kawo aska ni kuma na kawo baki.

Bari in faro daga tushe don a gane girman asarar. Mu tagwaye ne, ni ne Hassan, kuma kamarmu ɗaya da Usainina kamar an tsaga kara, har mahaifiyarmu wani lokacin sai ta kira sunan ɗaya ta tsaya ta ga wanda zai waiwayo. Usaini mutumin kirki ne, ga fara'a ga zumunci, amma Allah ya jarrabe shi da cin bashi, irin mutanen nan ne da in sun ce maka gobe da safe toh ka tambaye su goben wace shekara. Mai shayi na binsa, mai wankin hula na binsa, mai cajin waya na binsa, har yarinyar dake kawo awara layinmu ta buɗe masa shafi guda a littafinta. Ni kuma da ban ci nanin ba kullum nanin ke neman ci na, ina tafiyata sai inji an cafke min wuyan riga. Da na gaji sai na tara gemu tunda na san shi matarsa bata ƙaunar gashi a fuska, kullum a goge yake. Shekara huɗu ina renon gemun nan, man gemu, mataji a aljihu, har man darbejiya na shafa da wani ya ce yana sa shi cika. Tun daga lokacin babu wanda ya sake tare ni a hanya.

Ina da ɗan shagon kwamfuta a bakin titi, taifin da firintin da fotokwafi, kuma a unguwa Farfesa ake ce min, ba don na taɓa shiga jami'a ba sai don ni nake cike wa mutane fom kuma bakina bai iya furta ban sani ba. Wannan na biyun shi ne ciwona.

Ranar wata Talata 'yar yayata ta shigo shago da takarda a hannu tace Kawu ka buga min wannan, makarantarmu za a yi gasa akan tarihin alamomin lissafi kuma ni aka ba alamar daidai, wato ƴan layukan nan biyu da muke kira izikwal tu. Malaminsu ya rubuto mata wata jimla ta Turanci yace ta kwafa yadda take. Na karɓa na duba, sai naga abin da ya kusa sa ni faɗuwa daga kujera. Wai "a paire of paralleles, or Gemowe lines of one lengthe", can gaba kuma "bicause noe 2 thynges can be moare equalle", a ƙasa an sa 1557. Nace ke wannan malamin naku da wace takarda aka ɗauke shi aiki? Bikos da i? Tins da y? Tace Kawu yace fa kar a taɓa komai. Nace shi ya faɗa, ni a shagona ba a fitar da ɓarna. Na zage na bi kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya na gyare su tsaf, na cire duk wani e da yake lilo a ƙarshen kalma ba gaira ba dalili, har ina jin kaina kamar wanda ya ceto ilimin jiha.

Saura kalma ɗaya. Gemowe. Kwamfuta ta ja mata jan layi ta rasa me zata bani a madadinta, ni kuma na ƙura mata ido ina maimaitawa, ge-mo-we, ge-mo-we, ina tunani ina shafa fuska kamar yadda na saba, sai hannuna ya sauka akan amsar. Gemu! Nace ke tashi ki yi murna, wannan Hausa ce. Gemowe jam'in gemu ne a tsohuwar Hausa, layin gemowe kuma sune layukan nan biyu da mai aski yake fitarwa a kumatu, ɗaya dama ɗaya hagu suna gangarowa tare. Ta kalle ni ta kalli gemun tace Kawu ka tabbata? Nace ni kike tambaya? Ta karɓi takardarta ta fita jikinta a sanyaye, ni kuma ko kuɗin firintin ban karɓa ba saboda farin ciki.

Da a nan na tsaya da yanzu ina nan da kayana. Amma mai abin faɗa baya barci, bayan isha'i na ɗauki maganar na kai majalisar mai shayi, kuma kafin in isa na riga na yi mata fuka-fukai. Nace jama'a yau na kama Turawa dumu-dumu da satar kalmarmu. Na kawo hujja har biyu. Ta farko fatun akuyoyinmu da ake jemewa a ƙasar Hausa, ayari ya keta sahara dasu zuwa arewacin Afirka, daga can su shiga Turai ana ce musu fatar Maroko, toh in fata zata tafi a canza mata suna me zai hana kalma? Ta biyu kuma wadda nafi ji da ita, na tuno darasin tarihi akan matafiyin nan Leo Africanus wanda aka buga littafinsa a birnin Banis na Italiya a 1550, kuma a ciki ya yi maganar Kano da Katsina da Zazzau da Gobir. Nace ku lissafa da kanku, 1550 an ji labarinmu a Turai, 1557 kalmarmu ta ɓulla a littafin lissafin Ingila, shekara bakwai kacal, wannan ai ko makaho ya shafa ya ji.

Majalisa ta ɗauki kabbara da tafi, wani har yace a ƙara min ƙwai biyu a indomi akan asusunsa. Sai wani tela da baya taɓa barin mutum ya ji daɗi yace amma Farfesa, ai ance layukan basa haɗuwa, na gemu kuma a haɓa suke haɗuwa. Nace na wancan zamanin basa haɗuwa, kai ka ga askin 1557 ne? Yace toh mu sa kuɗi. Nace caca haramun ce bana yi, amma ga alkawari a gaban shaidu, in har kalmar nan ba daga gemu ta fito ba na yarda a kai ni wajen mai aski a zana min izikwal tu a tsakiyar nawa gemun. Ban san sanda maganar ta fita ba wallahi, indomin ce ta hau min kai.

Washegari da daddare sai ga telan nan ya taho da Malam. Malam tsohon malamin lissafi ne da ya yi ritaya, shi ya koyar damu a sakandare, yanzu sai dai ya fito ya sha shayinsa ba suga ya koma gida. Yana zama ya sauke tabarau kan hanci ya dube ni yace kai ba kai ne ka ci 11 cikin 100 a jarrabawata ba? Nace Allah gafarta Malam Usaini ne. Yace a'a, Usaini 14 ya ci. Tun daga nan na san daren ba nawa bane.

Ya karɓi asalin takardar da na ajiye a aljihu ina nuna wa mutane, ya karanta yana murmushi kamar ya ga tsohon aboki. Yace da farko dai ba gemowe ake karantawa ba, harafin farkon nan j yake bayarwa, kusan jemo. Nace toh ai shikenan Malam, jima kenan, majema, ka ga maganar fata ta dawo. Yace rufe min baki yaro.

Yace mai maganar sunansa Robert Recorde, mutumin wani gari ne Tenby a bakin teku a yankin Wales, ya yi karatu a Oxford da Cambridge, kuma asalin sana'arsa likita ne, har littafi guda ya rubuta akan yadda ake gane cuta ta hanyar duba fitsari. A zamaninsa duk wani ilimi mai nauyi da Latin ake rubuta shi, wanda bai iya Latin ba sai dai ya yi kallo, shi kuma ya dage sai ya rubuta lissafi da Turancin da ɗan kasuwa da magini da mai awon gona zasu gane. A 1551 ya fitar da littafin lissafin siffofi mai suna The Pathway to Knowledge, a nan ya ci karo da matsala, Turancin lokacin bashi da sunayen abubuwan, duk na Girkanci ne da Latin. Sai ya zauna ya dinga raɗa musu suna da kansa. Layin da ya taɓa da'ira a wuri ɗaya ya wuce yace masa touch line, wato layi mai shafa. Alwatika mai gefe uku daidai yace threlike, mai gefe biyu daidai tweylike. Siffa mai kusurwa biyar cinkangle, mai shida siseangle. Su kuma layuka biyu da suke tafiya kafaɗa da kafaɗa tazararsu bata raguwa bata ƙaruwa, kamar ƙarafan titin jirgin ƙasa, yace musu gemowe lines.

Nace toh Malam har yanzu ai baka faɗi ma'anar ba, ina nan akan bakana. Yace ma'anarta kai ne. Nace ni? Yace kai da Usaini. Gemowe tagwaye take nufi, Turanci ya aro ta daga tsohon Faransanci, shi kuma ya gado ta daga Latin inda ake ce wa ɗan tagwaye geminus ko gemellus, daga nan ne ma sunan taurarin nan Gemini ya fito, waɗanda malaman hisabi ke kira Jauza'u. Layukan tagwaye kenan, ba ruwansu da gashin kowa.

Ina shirin cewa ai Malam ma ɗan adam ne yana iya kuskure sai wani Alhaji ɗan Maraɗi dake sayar da atamfa a kasuwa, wanda tunda aka fara bai ce uffan ba, ya ajiye kofinsa yace gaskiya Malam ya hwaɗi, mu can a lakwal jumo muka koya, tagwaye kenan da Faransanci, har madubin nan mai ido biyu da soja ke hangen nesa da shi jumel aka ce mishi. Wani yaro mai ɗaukar bidiyon biki shima ya tsoma baki wai shi ya taɓa jin ance sandar nan tasa da yake maƙala waya don kar hoto ya girgiza, gimbal, daga kalmar tagwaye take. Malam yace ƙwarai, daga sunan wani zobe ne mai kamar biyu a sarƙe da juna, dangin kalmar ne. Wato kalmar da nake cewa tamu ce ashe jikokinta na nan har a hannun yaron da nake aike siyo min ruwa. Na nemi mutumin da ya saya min ƙwai jiya, naga ya juya baya yana danna waya.

Na ɗauko makamina na ƙarshe nace toh Leo Africanus fa? Malam yace da Italiyanci aka buga shi, ba a mayar da shi Turanci ba sai 1600, lokacin Recorde ya shekara 42 a kabari. Tela ya tashi tsaye ya yi rawa.

Abin haushin ma shine labarin ya yi daɗi, da ba gemuna ke kan faranti ba da na fi kowa jin daɗinsa. Malam yace jimlar dake takardar daga wani littafin ne na daban, The Whetstone of Witte na 1557, littafin aljabra. Mutumin ya gaji da rubuta is equal to sau ba adadi, sai yace bari ya dinga zana tagwayen layi masu tsawo ɗaya a madadinsu, dalilinsa kuma wai babu wasu abu biyu da zasu fi su zama daidai. Ashe gajiya ce ta haifi alamar da duk duniya ke amfani da ita yau, ni kuma in na ce na gaji a gida sai a ce min malalaci. Yace tasa alamar ma doguwa ce sosai, ta ninka tamu ta yanzu sau da yawa, kuma ba nan take aka karɓe ta ba, sai 1618 ta sake fitowa a wani littafin da aka buga, shahararren masanin nan na Faransa Descartes ma wata alama daban ya riƙa amfani da ita. A hankali ta ci kasuwa. Su kuma kalmomin da ya raɗa suka bi ruwa, masana suka fi son na Girkanci da Latin saboda sun fi kama da ilimi a kunne, parallel ta zauna gemowe ta mutu. Malam ya girgiza kai yace shi abin na taɓa shi, don shekara da shekaru yana faɗa wa yara alwatika su yi dariya, in yace tirayangul su rubuta da sauri, alhali alwatika na nan a jikin rigar ubansu.

Sai na tambaya don in ja lokaci, ko mai aski zai rufe, nace toh ya ƙare da mutumin, ai ya yi kuɗi ko? Yace ina fa. An ba shi kula da gidan buga kuɗi na Bristol, daga baya ma'adinan azurfa a Ireland, a cikin waɗannan ayyuka ne ya samu saɓani da wani babban basarake, Earl na Pembroke, ya zargi basaraken da rashin gaskiya, shi kuma basaraken ya kai shi ƙara akan ɓata suna ya yi nasara, aka yanke wa Recorde tarar fam 1000. Bai iya biya ba aka kulle shi a kurkukun King's Bench a Landan, a can ya rasu a 1558, shekara guda bayan ya ba duniya alamar. Bashi ne ya kai shi. A lokacin har na yi dariya a raina nace ashe shima Usaini ne.

Mai aski bai rufe ba. Majalisa guda ta rako ni kamar ana kai ango, yaron bidiyo na gaba da gimbal ɗinsa yana ɗauka. Mai askin ya saurari bayani yace shi bai taɓa yin wannan sitayil ɗin ba amma ba abin da zai gagara. Ya kunna kilifa ya ja layi ɗaya a kumatun dama, ya ja na biyu a ƙasansa. Tela ya matso da tef ɗinsa, eh da tef ya zo, ya auna yace na ƙasa ya fi tsawo, kuma Bature yace of one lengthe, alkawari bai cika ba. Aka ƙara na sama. Ya auna yace yanzu na sama ya zarce. Aka ƙara na ƙasa. Wani yace sun fara karkata zasu haɗu a kunne, ba tagwaye bane kenan, a gyara. Haka aka yi ta ƙari ana gyara layukan suna tsawo suna faɗi har Malam dake bakin ƙofa yace yawwa yanzu ta yi kama da ta Recorde ta asali. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, kilifar kuma ba mai caji bace. Da hasken waya na kalli madubi, naga rabin fuskata kamar gonar da aka yi wa huɗa aka gudu, ɗaya rabin kuma yana nan da mutuncinsa. Mai aski yace Farfesa gaskiya ɗaya ce, sai dai a kwashe duka. Ya ɗauko reza. Shekara huɗu ta zube akan tawul cikin minti biyar, kuma ni na biya kuɗin askin.

Da na shiga gida uwargida ta ɗago ta ganni sai ta ja mayafi ta rufe kai tace sannu da zuwa, ai yayan naka bai dawo ba tukuna. Nace ke ni ne fa. Ta matso da fitila ta haska ni sama da ƙasa, sannan ta zauna a bakin gado ta yi dariya har da riƙe ciki, ƙaramin ɗana kuma ya ƙi yarda in ɗauke shi sai da na yi masa waƙar da na saba.

Da safe yayata ta kira ni tun ban karya ba. Wai malamin ya ga takardar ya tambayi wa ya lalata jimlar da ta shekara sama da 460 ba wanda ya taɓa ta, yarinya kuma da aka matsa ta a gaban aji ta faɗi bayanin gemu yadda na koya mata har da nuna kumatu, yanzu duk makarantar Gemowe suke kiranta. Yaya tace in sake bugawa kyauta da kuskuren da komai, kuma in na ƙara koya wa ɗiyarta wani abu sai ta zo shagon da kanta. Na zauna na mayar da kowane e inda na ciro shi, kwamfuta na ja min jan layi ina ba ta haƙuri.

Da hantsi na fito zan je siyo takardar firintin, ban kai kwana ba naji an cafke min wuyan riga ta baya, irin cafkar da na shekara huɗu ban ji ba. Mai wankin hula ne. Nace malam sake ni, Hassan ne. Yace Hassan mai gemu ne, kai dai yau sai ka bani dubu uku da ɗari biyu na. Na rantse na maimaita, na ce a kira shaidu, sai ga tela ya leƙo daga shagonsa da tef a wuya, nace yawwa don Allah faɗa masa ko ni waye. Ya ƙare min kallo tsaf yace shi dai a iya awonsa bai ga bambanci ba. Ina cikin ƙirga wa mai hula kuɗinsa na hango yarinyar awara ta sauke bokiti tana buɗe littafi, Usaini kuma tun jiya da daddare da ya ga bidiyon wayarsa take a kashe.